Thomas Young

Thomas Young (13 ga Yuni, 1773 – 10 ga Mayu, 1829) likita ne kuma masanin kimiyya ɗan ƙasar Ingila, wanda ya yi fice a ilimin ido da gani, ilimin haske, ilimin ƙarfin kayan gini da ƙira, da kuma nazarin harsuna. Shi ne mutum na farko da ya bayyana matsalar gani da ake kira astigimatizim a idon ɗan Adam, kuma a idon kansa ya auna ta. Shi ne kuma ya nuna ta hanyar gwaji cewa koniya, wato fatar nan garai-garai da ke rufe baƙin ido ta gaba, ba ta sauya siffarta idan mutum ya mai da dubansa daga abu na nesa zuwa na kusa.

Sunansa na kan ma'aunin taurin abubuwa da injiniyoyi ke amfani da shi, wato ma'aunin Young, da kuma dokar Young da Laplace mai bayanin alaƙar matsi da lanƙwasar fata. Da waɗannan biyun ne masu bincike na baya suka soma lissafa yadda koniya ke jure matsin ruwan cikin ido, da abin da ke faruwa idan ta yi rauni ko aka yi mata tiyata. Ban da haka, Young ya farfaɗo da ra'ayin cewa haske na tafiya ne kamar taguwar ruwa, ya kuma taka rawa wajen warware rubutun Masar ta dā.

Farkon rayuwa

An haifi Young a ƙauyen Milverton da ke gundumar Somerset, a kudu maso yammacin Ingila. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya goma. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Thomas Young, ɗan kasuwar tufafi ne kuma yana harkar banki, mahaifiyarsa kuwa sunanta Sarah Davis. Iyalin mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker ne, waɗanda aka sani da sauƙin rayuwa, ƙin ƙawa da riƙon aiki. Ya yi yawancin yarintarsa a gidan kakansa na wajen uwa, Robert Davis, a garin Minehead.

Bisa abin da shi kansa ya rubuta game da rayuwarsa, ya iya karatu yana ɗan shekara 2, kuma kafin ya wuce shekara 4 ya karanta Littafi Mai Tsarki daga farko zuwa ƙarshe sau biyu. Ya shiga makarantun kwana, amma mafi yawan iliminsa da kansa ya nema daga littattafai. Yana ɗan shekara 14 ya ƙware a Girkanci da Latin, ya kuma san Faransanci da Italiyanci, sannan ya leƙa Ibrananci, Larabci, Farisanci, Turkanci da wasu harsunan Gabas. Tun a lokacin ya koyi aikin hannu, yana sassaƙa da haɗa gilasan hangen nesa da na ƙara girman abu, abin da ya amfane shi daga baya a gwaje-gwajensa.

Daga 1787 zuwa 1792 ya zauna a Youngsbury, gidan attajiri David Barclay a gundumar Hertfordshire, a matsayin abokin karatun jikansa Hudson Gurney. Duk da kusancin shekarunsu, Young ne ya riƙa koyar da Gurney Girkanci da Latin. Abotarsu ta ɗore har ƙarshen rayuwar Young.

Karatun likita

A 1792 Young ya koma Landan ya fara karatun likita, bisa shawarar Richard Brocklesby, kawun mahaifiyarsa, wanda sanannen likita ne a birnin. Ya yi karatu a Asibitin St Bartholomew, sannan ya tafi Edinburgh a 1794, daga nan ya wuce Jami'ar Göttingen a Jamus a 1795, inda ya samu digirin dakta a 1796. A ƙarshen kundin digirinsa ya ƙara wasu shafuka da ya tsara haruffa na bai-ɗaya don rubuta duk sautukan da bakin ɗan Adam ke furtawa. Nazarin furuci ne ya ja shi zuwa nazarin sauti, nazarin sauti kuma ya kai shi ga haske.

A 1797 ya shiga Kwalejin Emmanuel ta Jami'ar Kambirij, domin a lokacin sai da shaidar Kambirij ko Oxford likita ke samun cikakken matsayi a ƙungiyar likitocin Landan. A waɗannan shekarun ne ya bar ɗariƙar Quaker ya koma Cocin Ingila. A ƙarshen 1797 Brocklesby ya mutu, ya bar masa gida a Landan, ɗakin littattafai da kuɗi kimanin fam 10,000. Wannan gadon ya ba shi damar yin bincike ba tare da damuwar abin masarufi ba. A 1799 ya buɗe wurin duba marasa lafiya a gida mai lamba 48, titin Welbeck, a Landan.

Takaddama kan yadda ido ke daidaita gani

Ido mai lafiya na iya ganin dutse mai nisa sarai, nan take kuma ya koma ya karanta rubutun da ke hannu. A ƙarni na 18 masana sun rabu kan abin da ke sauyawa a cikin ido har hakan ta yiwu. Wasu sun ce koniya ce ke ƙara tudu, wasu sun ce ƙwayar idon gaba ɗaya ce ke ƙara tsawo, wasu kuma sun ce madubin ido ne ke motsawa ko sauya siffa. Madubin ido shi ne ɗan abin nan garai-garai mai siffar ƙwayar wake da ke bayan baƙin ido, wanda idan ya dushe ake cewa mutum na da yanar ido.

A watan Mayun 1793, kafin ya cika shekara 20, aka karanta takardar Young mai suna Observations on Vision a gaban ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society. Ya feɗe idon sa, ya ga madubin na da zare-zare, sai ya yanke cewa madubin tsoka ce mai sauya siffarta da kanta. Babban likitan tiyata John Hunter ya ce shi ya riga shi wannan tunanin, har aka yi ta raɗe-raɗin cewa Young satar ra'ayi ya yi. Hunter ya mutu a watan Oktoban wannan shekarar kafin ya gabatar da nasa bayanin, kuma raɗe-raɗin bai hana a zaɓi Young ɗan ƙungiyar a 1794 ba, yana da shekara 21.

Everard Home, ƙanin matar Hunter, shi ya ci gaba da binciken tare da maƙerin kayan awo Jesse Ramsden, amma sai suka kai ga wata matsaya daban. Sun duba wani mutum da aka cire wa madubin ido saboda yana, suka ga kamar har yanzu yana iya daidaita ganinsa. Home ya kuma yanki koniya ya ja ta, ya ga tana miƙewa tana komawa yadda take. Daga nan suka ce tsokokin da ke juya ido ne ke matse shi, koniya ta ƙara tudu, ƙwayar ido ta ƙara tsawo. Saboda girman sunan mutanen biyu, Young ya janye ra'ayinsa a fili na wasu shekaru.

Laccar 1800 da gwaje-gwajen ido

A watan Nuwamban 1800 Young ya dawo kan batun da lacca mai suna On the Mechanism of the Eye, wadda aka buga a mujallar Royal Society a 1801. Ya fara da gyara wata na'urar auna gani da ta samo asali daga gwajin Christoph Scheiner na 1619 da aikin likitan Sikotilan William Porterfield. Mutum zai dubi miƙaƙƙen layi ta cikin tsagogi biyu masu kusa da juna. Layin zai bayyana kamar layuka biyu da suka gitta juna, kuma inda suka haɗu nan ne idon ya tattara haske. Da wannan na'urar ya bi ra'ayoyin nan ɗaya bayan ɗaya.

Gwajin koniya shi ne mafi shahara. Koniya na karya haske ne saboda iska ce a gabanta, kuma haske na rage gudu sosai idan ya fito daga iska ya shige ta. Ruwa kuwa kusan daidai yake da koniya wajen rage gudun haske, shi ya sa mai ninƙaya ke ganin dishi-dishi idan ya buɗe ido a ƙarƙashin ruwa. Young ya cire ƙaramin gilashi mai tattara haske daga na'urarsa ta duba tsirrai, ya liƙa shi da kaki a gindin wani ɗan ƙoƙo, ya zuba ruwa, sannan ya kifa idonsa a ciki har koniya ta nutse. Ta haka ya kashe aikin koniya, gilashin ya maye gurbinta, ya ƙara wani gilashin don cike abin da ya rage. Da a ce koniya ce ke daidaita gani, da idon ya kasa yin hakan a cikin ruwa. Amma da ya auna, sai ya tarar ƙarfin daidaitawar bai ragu ba.

Don gwada batun tsawon ido, ya juya idonsa ciki wajen hanci iyakar iyawarsa, ya tokare shi da zoben ƙarfe ta gefen hanci, sannan ya cusa zoben makulli ta ɗaya gefen tsakanin ido da ƙashi har ya danni bayan ƙwayar idon. Dannawar ta sa yana ganin wani ɗigon haske, irin wanda mutum ke gani idan ya murza idonsa a rufe. Da ido na ƙara tsawo, da ɗigon ya faɗaɗa lokacin duban kusa. Bai sauya ba. A ƙarshe ya auna wasu marasa lafiya na likitan ido James Ware waɗanda aka cire wa madubin ido, ya nuna cewa ba su da ikon daidaita gani. Abin da ya rage shi ne madubin, kuma siffarsa ce ke sauyawa.

A cikin wannan aikin ne ya lura cewa idonsa na tattara hasken da ya bazu a tsaye daga nisan inci 10, wanda ya bazu a kwance kuwa daga nisan inci 7, wato kimanin santimita 25 da 18. A ma'aunin masu tabarau na yau, bambancin ya kai dayopta 1.7. Da yake bambancin bai gushe ba ko da koniyarsa na cikin ruwa, ya danganta shi ga karkacewar madubin idonsa. An gano daga baya cewa a wurin yawancin masu wannan matsalar, koniya ce ba ta da lanƙwasa iri ɗaya ta kowane ɓangare. Masanin taurari George Airy ya gano irin matsalar a nasa idon a 1825, ya sa aka yi masa gilashin da ya gyara ta, William Whewell kuma ya raɗa mata suna.

Young ya yi kuskure a wuri ɗaya, domin madubin ido ba tsoka ba ne. Wata tsoka ce mai siffar zobe da ke kewaye da shi ke sassauta zaruruwan da suka riƙe shi, kamar yadda Hermann von Helmholtz ya bayyana a shekarun 1850. Sauran sakamakonsa kuwa ya tabbata.

Haske da launi

A 1801 aka naɗa Young farfesan kimiyyar halitta a cibiyar Royal Institution da ke Landan, inda ya gabatar da laccoci 91 cikin shekara biyu. Laccocinsa sun yi wa masu sauraro nauyi, ba kamar na abokin aikinsa Humphry Davy ba, kuma ya ajiye aikin a 1803 don kada ya ɓata masa sana'ar likita.

A tsakanin 1801 da 1803 ya gabatar da hujjojin cewa haske taguwa ce, saɓanin ra'ayin da aka gada daga Isaac Newton cewa ƙananan ƙwayoyi ne. Ya nuna cewa idan taguwoyin haske biyu suka haɗu, a wani wuri suna ƙarfafa juna, a wani wurin su kashe juna, sai a ga ratsin haske da duhu. Gwajin tsagogi biyu da ake koyarwa a makarantu da sunansa ya fito ne a littafinsa na 1807. Ya kuma kawo ra'ayin cewa ido na da masu karɓar launi iri uku kacal, na ja, kore da shunayya, kuma daga haɗuwarsu ake ganin sauran launuka. Helmholtz ya faɗaɗa wannan, aka kuma tabbatar da shi da awo a shekarun 1960.

Henry Brougham ya yi wa aikin kaca-kaca a mujallar Edinburgh Review ba tare da sa sunansa ba, abin da ya rage wa Young daraja a Ingila na tsawon lokaci. Sai bayan Augustin Fresnel na Faransa ya kafa ra'ayin a kan cikakken lissafi daga 1815 ne masana suka karɓe shi.

Ma'aunin Young da dokar Young da Laplace

A 1807 Young ya buga laccocinsa cikin juzu'i biyu da sunan A Course of Lectures on Natural Philosophy and the Mechanical Arts. A nan ne ya bayyana ma'aunin tauri. A yadda ake koyar da shi yanzu, ana raba ƙarfin da ke jan abu, gwargwadon faɗin jikinsa, da yawan miƙewar da ya yi, gwargwadon tsawonsa na asali. Lambar da ta fito ta kayan ce, ba ta dogara da girman abin ko siffarsa ba. Ta ƙarfen gini kimanin gigapaskal 200 ce, ta alminiyom kimanin 70, ta roba kuwa ba ta kai gigapaskal ɗaya ba. Leonhard Euler ya riga shi tunanin tun 1727, Giordano Riccati ya yi gwaje-gwaje a kai a 1782, kuma bayanin Young kansa mai wuyar fahimta ne, domin ya kwatanta ma'aunin da nauyin wani dogon ginshiƙi na kayan. Injiniyan Faransa Claude-Louis Navier ne ya ba shi siffarsa ta yau a 1826, amma sunan Young ne ya bi shi.

Kafin wannan, a ƙarshen 1804, ya gabatar da takarda kan yadda ruwa ke riƙe kansa, aka buga ta a 1805. Ya ɗauki saman ruwa kamar fatar ganga da aka ɗaure, ya nuna cewa bambancin matsi tsakanin ciki da wajen ɗigon ruwa ya dogara da ƙarfin ɗaurin da kuma lanƙwasar saman. Young da kalmomi ya bayyana wannan, Pierre-Simon Laplace kuma ya fitar da shi da lissafi a 1806. A 1808 Young ya yi amfani da ilimin tauri a jikin ɗan Adam, inda ya danganta gudun bugun jini da taurin bangon jijiyoyi.

Tasirinsa a lissafin koniya

Koniyar babban mutum na da faɗin milimita 11 zuwa 12, kaurinta a tsakiya ya ɗan haura rabin milimita, kuma lanƙwasarta ta yi daidai da ta ƙwallon da rabin faɗinsa ya kai milimita 7.8. Ita ke samar da kusan dayopta 43 daga cikin kimanin 60 na ƙarfin ido, wato kashi biyu cikin uku. Saboda haka ɗan sauyi kaɗan a siffarta na ɓata gani. Abin da Young ya nuna a 1800, cewa tana tsaye a siffa ɗaya, ya haifar da tambayar yadda fata siririya haka ke riƙe siffarta alhali ruwan cikin ido na tura ta waje dare da rana, da matsin da a ido mai lafiya ke tsakanin milimita 10 zuwa 21 na makuri. Masu bincike na ƙarni na 20 ne suka haɗa ayyukan Young wuri guda don amsa ta.

Lissafi mafi sauƙi shi ne a ɗauki koniya kamar ɓangaren ƙwallo mai siririn bango, a yi amfani da dokar Laplace. Ana ninka matsi da rabin faɗin ƙwallon, a raba da ninki biyu na kaurin bango. Idan matsin ido milimita 15 ne na makuri, wato kimanin kilopaskal 2, kauri kuma milimita 0.55, ɗaurin da ke jikin koniya zai kai kilopaskal 14. Idan kaurin ya ragu zuwa milimita 0.40, ɗaurin zai haura kilopaskal 19. Ma'aunin Young ne ke faɗin yawan miƙewar da wannan ɗaurin zai jawo.

Sai dai koniya ba ta bin lamba ɗaya kamar ƙarfe. Kimanin kashi 90 cikin 100 na kaurinta zaruruwan kolajin ne da aka jera faifai-faifai har ɗaruruwa, kowane faifai zarensa na fuskantar wani ɓangare. Tana da laushi idan aka fara janta, tana ƙara tauri yayin da zaruruwan ke miƙewa. Taurinta ya bambanta daga wannan ɓangare zuwa wancan, gabanta ya fi bayanta ƙarfi, tana ƙara tauri da shekaru, kuma amsarta ta dogara da saurin da aka danna ta da yawan ruwan da ke jikinta. Wannan ne ya sa lambobin ma'aunin Young da aka buga game da koniya suka yi nisa da juna ƙwarai. A yau ana zana koniya a kwamfuta, a rarraba ta zuwa dubban gutsattsari, a ba kowanne taurinsa da alƙiblar zarensa, sannan a lissafa yadda za ta motsa gaba ɗaya.

Amfanin wannan ya fi fitowa a wurare uku. Na farko shi ne auna matsin ido don gano cutar gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido. Na'urar da Hans Goldmann ya ƙera a birnin Bern na Suwizalan a shekarun 1950 tana danna koniya har ta baje da'ira mai faɗin milimita 3.06. An zaɓi wannan faɗin ne domin a nan turjiyar koniya da jan da hawaye ke yi wa kan na'urar ke soke juna, kuma duka ƙarfin biyu na cikin abubuwan da Young ya nazarta. Amma sokewar na aiki ne ga koniya mai matsakaicin kauri. Mai kauri na sa a karanta matsi sama da gaskiya, siririya kuma ƙasa da gaskiya, har a sallami mai cutar a matsayin lafiyayye. Bincike ya nuna cewa mutane 'yan asalin Afirka, waɗanda gilakoma ta fi kamawa, a matsakaici koniyarsu ta fi siranta.

Na biyu shi ne tiyatar gyaran gani da hasken lesa, inda ake kankare wani sashe na koniya don sauya lanƙwasarta. Idan abin da aka bari ya yi siriri da yawa, yana iya kasa jure matsi ya bulluƙo gaba bayan watanni ko shekaru. Na uku shi ne cutar keratokonus, inda koniya ke sirancewa ta yi tsini. Maganin da likitoci a birnin Dresden na Jamus suka buga sakamakonsa a 2003, na ɗiga sinadarin ribofilabin a haska shi da hasken ultrabayolet, manufarsa ita ce ƙulla zaruruwan kolajin da juna don a ƙara wa koniya tauri.

Aikin likita da iyali

Young ya auri Eliza Maxwell a watan Yunin 1804, ba su haihu ba. Ya samu digirin dakta na Kambirij a 1808, aka kuma naɗa shi likita a Asibitin St George na Landan a 1811, muƙamin da ya riƙe har mutuwarsa. Na tsawon shekaru yakan koma garin Worthing na bakin teku da bazara ya duba marasa lafiya. Bai tara masu zuwa wurinsa da yawa ba, kuma ya buga rubuce-rubucensa da dama ba tare da suna ba, don kada a ce hankalinsa ba ya kan likitanci.

A fannin magani ana tuna shi da ƙa'idar Young ta rage wa yara magani: a raba shekarun yaro da shekarun nasa da aka ƙara wa 12, a ninka da adadin babba. Ɗan shekara 6 ke nan zai sha kashi ɗaya cikin uku. Yanzu an fi yin lissafin da nauyin jiki.

Harsuna da rubutun Masar

A 1813, cikin sharhin da ya yi wa littafin Mithridates na Johann Christoph Adelung, Young ya ƙirƙiro sunan Indo-European ga iyalin harsunan da ya haɗa Sanskirit, Farisanci, Girkanci, Latin da yawancin harsunan Turai. A maƙalarsa kan harsuna a kundin Encyclopaedia Britannica ya kwatanta harsuna kimanin 400.

A 1814 ya fara aiki kan Dutsen Rosetta, wanda sojojin Faransa suka gano a Masar a 1799, yake kuma Gidan Tarihin Birtaniya tun 1802. Dutsen na ɗauke da sanarwa ɗaya cikin rubutu uku: rubutun zane na Fir'aunoni, rubutun yau da kullum da ake kira Demotik, da Girkanci. Biyun farko na harshen Masar ta dā ne, wanda masana ke sa shi a iyalin Afro-Asiya tare da Larabci da Hausa. Young ya gano cewa Demotik ya samo asali ne daga rubutun zanen, kuma cakuɗe ne na alamomin ma'ana da na sauti. Ya kuma nuna cewa sunan sarki Ptolemy da ke cikin zobe an rubuta shi ne da alamomin sauti, ya fitar da wasu daga cikinsu daidai. Ya tattara wannan a maƙalarsa kan Masar a Britannica a 1819.

Jean-François Champollion na Faransa, wanda ya ƙware a harshen Kibɗawa, shi ya warware tsarin gaba ɗaya daga 1822. Saɓani ya shiga tsakaninsu kan wanda ya riga wani, kuma a 1823 Young ya buga littafi yana kare nasa rabon. Daga baya ya mai da hankali kan Demotik, yana haɗa ƙamus nasa har kwanakinsa na ƙarshe. An buga shi bayan mutuwarsa.

Shekarun ƙarshe da mutuwa

Young ya daɗe yana sakataren harkokin waje na Royal Society. A 1818 aka naɗa shi sakataren hukumar da ke kula da lissafin wurin jiragen ruwa a teku, kuma mai kula da kundin taurari na matuƙa, Nautical Almanac. Daga 1824 ya yi wa kamfanin inshorar rai na Palladium aikin likita da lissafi. A 1827 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta zaɓe shi cikin mambobinta takwas na ƙasashen waje.

Ya yi fama da ciwon numfashi da raunin jiki a farkon 1829, ya mutu a Landan ranar 10 ga Mayu yana da shekara 55. Binciken gawarsa ya nuna babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ta ƙandare. An binne shi a Cocin St Giles da ke Farnborough, wanda a lokacin yake cikin gundumar Kent, aka kuma kafa masa allon tunawa a Westminster Abbey, wanda Hudson Gurney ya rubuta kalmominsa. George Peacock ya buga tarihin rayuwarsa a 1855, Andrew Robinson kuma ya buga wani a 2006 mai suna The Last Man Who Knew Everything.